Kafin Ka Karɓi Makullin Mota a Landan

Duk direban da ya saba da titunan Kano ko Yamai, idan aka ce masa zai tuƙa mota a Landan, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne hannun hagu. Damuwar tana da tushe. Birtaniya a hagu take tuƙi, Najeriya kuwa ta bar hagu ta koma dama tun watan Afrilun 1972, Gana ta bi sahu a 1974, ita kuma Nijar tun asali tsarin Faransa take bi. Ke nan mafi yawan direbobinmu na yau ba su taɓa riƙe sitiyari daga kujerar dama ba. Sai dai hannu ba ya daɗewa bai saba ba. Abin da ya fi cin baƙo a wannan birni shi ne dokar da ba ta magana: an rubuta ta a jikin allo, an shafa ta da fenti a kan kwalta, an kuma ɗora kyamara tana gadinta dare da rana. Babu jami'in da zai ɗaga maka hannu ka tsaya ka yi masa bayani. Za ka wuce lafiya, ka mayar da mota, ka hau jirgi ka koma gida, sannan takardar tara ta biyo ka ta hannun kamfanin da ya ba ka hayar.

Saboda haka tambayar farko ita ce ko ma kana bukatar motar. Idan harkokinka duka a tsakiyar birni suke, asibiti ne ko taro ko sayayya, ni shawarata ka haƙura da ita. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan yana aiki tun 1863, ga jajayen bas-bas ko'ina, ga layin Elizabeth da aka buɗe a 2022 wanda ke ɗauko mutum daga filin jirgin Heathrow har cikin gari, kuma da katin banki kawai ake taɓawa a shiga. Mota tana amfani ne ga mai iyali da kaya, ko mai tsoho ko mara lafiya da hawa matakala ke yi wa wuya, ko wanda zai fita gari zuwa Birmingham ko Manchesta ya kai ɗa makaranta. Ko da kana cikin waɗannan, kada ka karɓi motar a ranar da ka sauka. Wanda ya kwana a jirgi idonsa biyu bai kamata ya fara koyon sabon hannu a ranar ba. Ka huta, ka yi yini guda kana kallon titi daga benen bas, ka ga yadda motoci ke shiga shataletale da yadda suke tsayawa wa mai tafiya a ƙasa, sannan ka je ka karɓa.

Dokar Birtaniya ta yarda baƙo ya yi tuƙi da cikakken lasisin ƙasarsa har tsawon wata 12 daga ranar da ya shigo. Amma kamfanin haya yana da nasa sharuɗɗan a kan wannan. Wani zai nemi lasisin ƙasa da ƙasa, musamman idan naka ba da Turanci aka rubuta shi ba, don haka mai lasisin Nijar ko Chadi ya tambaya tun yana gida. Wanda bai kai shekara 25 ba galibi akan ƙara masa kuɗi a kan kowace rana. Inda aka fi samun cikas shi ne kati. Kamfani yana riƙe wani kuɗi a katin banki a matsayin jingina har sai ka dawo da motar, kuma dole katin ya kasance da sunan wanda zai yi tuƙin. Tsabar kuɗi ba ta shiga nan, katin ɗan'uwa ma ba ya shiga. Da yawa katin bashi suke so, katin naira kuwa ba kullum yake aiki a waje ba. Ka warware wannan da bankinka da kamfanin kafin tafiya. Idan kuma akwai wanda zai riƙa karɓar ka tuƙi, a sa sunansa a takardar, domin inshora ba ta san wanda ba a rubuta ba.

Wurin zaɓen mota, abu biyu nake jaddadawa. Ka nemi mai giya otomatik, ka kuma tabbatar an rubuta haka, domin masu arha da yawa na hannu ne. Kuloci da birki da totur suna nan a jeren da ka sani, amma giya da hannun hagu za ka riƙa sa ta, kuma baƙo yana da isassun abubuwan lura ba sai an ƙara masa da wannan ba. Na biyu, ka ɗauki ƙarama gwargwadon yadda jama'arka da kayanka za su shiga. Titunan unguwanni da yawa an yi su ne tun kafin zuwan mota, ga motoci a fake hagu da dama, abin da ya rage a tsakiya wani lokaci na mota ɗaya ne tak.

Batun inshora yana son natsuwa, domin a kansa ma'aikacin kamfani zai fi yi maka magana da sauri. Kuɗin haya ya ƙunshi inshorar da doka ta wajabta, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani. Ita motar da ke hannunka kuwa, yawanci akwai wani kaso da aka yanka: duk ɓarnar da ta same ta kai za ka biya har zuwa wannan adadi, inshora ta ɗauki abin da ya haura. Kason nan yakan kai fam dubu ko fiye. Za a yi maka tayin ƙara kuɗi a kowace rana don a rage shi ko a shafe shi gaba ɗaya. Wasu kan sayi irin wannan kariya daga wani kamfani daban da arha, amma a nan sai ka fara biya daga aljihunka sannan a mayar maka. Ko wanne ka zaɓa, ka tambaya a fili: taya da gilashi da ƙarƙashin mota da ɓatan makulli suna ciki? Sau da yawa ba sa ciki. Ga wanda bai taɓa tuƙi a hagu ba, ina ganin wannan ƙarin kuɗi ba asara ba ne.

Idan an miƙa maka makulli, kada ka yi gaggawar tayar da mota. Ka zagaye ta da waya kana ɗaukar bidiyo, a hankali, daga gaba zuwa baya. Ka durƙusa ka duba rim ɗin kowace taya, musamman na gefen hagu, domin nan ne masu haya ke gogar dakalin gefen titi. Ka duba kusurwoyin bamba, da bayan madubai, da gilashin gaba ko tsakuwa ta taɓa shi. Duk ƙwarzane ko lotsawar da ka gani wadda ba ta cikin takarda, ka kira ma'aikaci ya rubuta kafin ka fita daga harabar. Ka ɗauki hoton mizanin mai da na nisan tafiya. Sai ka zauna ka nemo inda sigina take da inda abin share gilashi yake da makunnin fitila, domin ruwan Landan ba ya sallama, a watan Disamba kuma rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma. Ka sa adireshin inda za ka a manhajar taswira tun kana tsaye. Da lambar gidan waya ta unguwa ake nemo wuri a can, ita ta fi sunan titi tabbas, domin sunan titi ɗaya yakan maimaitu a unguwanni da yawa. Wayar ta zauna a mariƙinta. Riƙe ta a hannu kana tuƙi, ko da kana tsaye a danja, tarar fam 200 ce da makin laifi 6 a kan lasisi.

Ga dabarar da ta fi taimakon sabon hannu: kai direba, jikinka ya kasance kullum a ɓangaren tsakiyar titi, fasinjanka a ɓangaren gefe. Muddin ka ga kanka kusa da masu tafiya a ƙasa a titi mai hannu biyu, to ka ɓata. A cikin cunkoso abin ba wuya, domin motar gaba za ka bi. Haɗarin yana zuwa ne inda titi ya zama fayau: da asuba, ko fitowa daga gidan mai, ko bayan ka sha kwana a layin da babu kowa. A nan ne tsohon sabo ke karɓe sitiyari. Kuskure na biyu shi ne matsawa hagu fiye da kima, domin idonka ya saba da faɗin mota yana damanka, yanzu kuwa ya koma hagunka. Ka riƙa leƙa madubin hagu kana auna tazararka da motocin da ke fake. Kwanar hagu ita ce mai sauƙi a can. Kwanar dama ce ke sa ka ratsa gaban motocin da ke tahowa, sai ka tsaya ka jira sarari, ka kuma tuna cewa hannun da za ka shiga shi ne na can nesa.

Shataletale yana juyawa ne yadda hannun agogo ke tafiya. Ka shiga ta hagu, wanda ke tahowa daga damanka shi ke da hanya. Idan fitarka ta farko ce, ka kama layin hagu da siginar hagu. Idan ta dama ce ko za ka zagayo, ka kama layin dama da siginar dama, ka sauya zuwa ta hagu da zarar ka wuce fitar da ke gabanin taka. Idan ka rasa fitarka, ka sake zagayowa, babu laifi a ciki. A cikin unguwanni za ka ga ƙananan shataletale waɗanda farin da'ira ne kawai aka shafa a tsakiyar mahaɗa. Dokarsu ɗaya da manyan.

Danja kan nuna ja da ruwan ɗorawa tare kafin kore. Wannan na nufin ka shirya, ba ka tafi ba. Ba a shan kwana a kan ja ta kowane ɓangare sai in an kunna koriyar kibiya. Inda ka ga zanen fari da baƙi a kan titi da fitilu masu ƙwallon ruwan ɗorawa suna ƙyaftawa a gefe, mashigar masu tafiya a ƙasa ce, kuma tsayawa ake yi. Tun gyaran dokar hanya na watan Janairun 2022, ko a kwana ma, idan za ka shiga wani titi ka ga mutum na jiran tsallakawa, shi ake ba wa hanya. Wannan gyara ne kuma ya ce a bar wa mai keke aƙalla mita 1.5 idan za a wuce shi. Masu keke suna da yawa a Landan, suna kuma zuwa ta hagunka shiru, don haka kafin kwanar hagu da kafin buɗe ƙofa ka waiwaya. Ina son wannan tsari, domin yana ɗora nauyi mafi girma a kan wanda abin hawansa ya fi iya yin ɓarna.

Sai oda. Mu mun saba da ita a matsayin gaisuwa da gargaɗi da neman hanya. A can don gargaɗin haɗari kawai take. Ba a danna ta idan mota na tsaye sai in wata mota na shirin yin ɓarna, kuma an hana ta a cikin gari daga ƙarfe 11:30 na dare zuwa 7 na safe.

Gudu da mil ake auna shi, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. A tsakiyar Landan da unguwanni masu yawa iyakar mil 20 ce a awa, wato kimanin kilomita 32. Direban da ya saba da hanyar Kaduna zai ji kamar motar ba ta motsi, ƙafarsa ta riƙa nauyi a kan totur bai sani ba. Kyamarorin gudu galibi launin ruwan ɗorawa ne, wasunsu kuma matsakaicin gudunka suke lissafawa tsakanin wuri biyu, don haka taka birki a gabansu ba ya fisshe ka. Mafi ƙarancin hukunci fam 100 ne da maki 3. A babbar hanya iyakar mil 70 ce, ana zama a layin hagu, ana wuce mota ta dama sannan a dawo. Idan ka ga jan alamar X a allon sama da wani layi, an rufe layin ke nan, ka fita daga cikinsa.

Yanzu ga kuɗaɗen da babu mai tsayar da kai ya karɓa. Tun watan Fabrairun 2003, zamanin magajin gari Ken Livingstone, ake biyan kuɗin cunkoso don shiga tsakiyar birnin. Da fam 5 aka fara, a 2020 ya kai fam 15, kuma akan ƙara shi, don haka ka duba farashin ranar. Ana biya daga ƙarfe 7 na safe zuwa 6 na yamma Litinin zuwa Juma'a, Asabar da Lahadi kuma daga 12 na rana zuwa 6. Alamarsa farin harafin C ne a cikin jan da'ira, a jikin allo da kuma a kan kwalta. Babu shinge, babu rumfar biya. Kyamara ce ke karanta lambar motarka, kai kuma ka shiga shafin hukumar sufurin Landan, TfL, ka sa lambar ka biya. Ana ba da wa'adi zuwa tsakar daren kwana na uku, amma da ƙarin kuɗi, bayan nan sai tara wadda ta ninka kuɗin sau da yawa. Ka tabbatar shafin hukumar ne na gaskiya, domin akwai masu kwaikwayonsa suna ɗora nasu kuɗin. Titunan da suka yi wa yankin iyaka, irin su Marylebone Road da Euston Road da Park Lane, ba a biya a kansu, amma kwana ɗaya zuwa ciki ta isa.

Akwai kuma kuɗin hayaƙi da ake kira ULEZ, wanda aka fara a 2019, aka faɗaɗa shi ya game dukkan gundumomin Landan a watan Agustan 2023, zamanin Sadiq Khan. Fam 12.50 ne a rana ga motar da injinta bai cika ƙa'ida ba. Motocin kamfanonin haya sababbi ne, yawanci ba ya shafar su, amma idan aron tsohuwar motar wani ɗan'uwa ka yi, ka sa lambarta a shafin TfL ka gani. Mashigar kogin Thames da ke Dartford a gabashin birni ita ma ta intanet ake biyan ta, kafin tsakar daren washegari, kuma ba TfL ke karɓa ba, shafinta daban ne. Tun watan Afrilun 2025 hanyoyin ƙarƙashin kogi na Blackwall da Silvertown su ma na kuɗi ne. Ka tambayi kamfanin tun farko wanne suke biya da kansu, wanne suka bar maka.

Fentin kan kwalta shi ne ya fi bukatar ido. Ɗauki akwatin nan mai zanen raga da ruwan ɗorawa a tsakiyar mahaɗa. Danja ta ba ka kore, motar gabanka ta tafi, ka bi ta, sai ta tsaya a ƙetaren akwatin saboda cunkoso, kai kuma ka maƙale a ciki, tayoyinka a kan zanen. Laifi ya tabbata ke nan, ko da daƙiƙa kaɗan ka yi. Ƙa'idar ita ce kada ka shiga sai ka ga gurbin da zai ɗauki motarka duka a ɗaya ɓangaren, ko da kore ce, ko da na bayanka ya ƙosa. Rangwame ɗaya ne: mai kwanar dama da ke jiran motocin da ke tahowa su wuce, in dai hanyar da zai shiga a buɗe take. Layin bas kuma an raba shi da farin layi mai kauri, shuɗin allo na nuna lokutan da yake aiki, in ba a rubuta lokaci ba to kullum ne. A wasu unguwanni an rufe tituna ga motoci ba tare da shinge ba. Alamar kawai jan da'ira ce mai hoton babur a saman mota, wani lokaci da akwatunan furanni a gefe. Titin na nan a buɗe, taswirar waya ma tana iya tura ka ciki, amma kyamara na kallo. A gaban makarantu akwai irin wannan hani na lokacin shiga da tashi.

Wurin fakin, gefen titi za ka karanta. Layi biyu ruwan ɗorawa, ba a fakin ko yaushe. Layi ɗaya, an hana a wasu lokuta da ƙaramin allo ke nunawa, ko allon da ke mashigar unguwar. Jan layi biyu ya fi tsanani, ko tsayawa ka sauke mutum ba a yarda ba. Waɗannan jajayen hanyoyi kusan kashi 5 cikin ɗari ne na titunan birnin, amma suna ɗaukar har kashi 30 na zirga-zirgarsa, shi ya sa ba a sassauci a kansu. Babban masallacin gabashin Landan a kan irin wannan titi yake, Whitechapel Road, don haka mai zuwa Juma'a gara ya bar motar ya hau jirgi. Guraben da aka zana da farin fenti wasu na mazauna unguwa ne masu izini, wasu na biya ne, yawanci ta manhajar waya irin su RingGo ko PayByPhone. Ka sauke manhajar tun a masauki, ka kuma lura da iyakar awannin da aka yarda. Kafin ka kama masauki ma ka tambaya ko yana da wurin ajiye mota da nawa ne a dare.

A gidan mai babu mai zuba maka. Kai za ka zuba, sannan ka shiga shago ka faɗi lambar famfon ka biya, ko ka biya da kati a jikinsa. Koren hannu fetur ne, baƙi dizal. Ka duba cikin murfin tanki ka ga wanne motar ke sha. Bakin famfon fetur siriri ne, yana shiga tankin dizal ba tare da gardama ba, nan ne ake yin kuskure. Idan hakan ta faru, kada ka tayar da injin, ka kira lambar agaji da ke jikin takardar hayar. Yara kuwa doka ta wajabta musu kujerar yara har su kai shekara 12 ko tsawon santimita 135, bel kuma wajibi ne ga na gaba da na baya.

Idan tsautsayi ya faru, ko da gogayya ce ƙarama, ka tsaya. Ku yi musayar suna da adireshi da lambar mota, ka ɗauki hotuna, ka sanar da kamfanin nan take. Kada ka shiga sasantawa da kuɗi a gefen titi, domin motar ba taka ba ce. In ba a samu yin musayar ba, misali motar da ka goga a fake take babu mai ita, a kai rahoto ga 'yan sanda cikin awa 24. Idan akwai rauni, 999 ake kira.

Ranar mayarwa ka cika tanki idan a cike aka ba ka, ka riƙe rasit, domin man da kamfani ya zuba da kansa ya fi na gidan mai tsada. Ka isa da sauran lokaci, ka nemi ma'aikaci ya duba motar a gabanka ya ba ka shaidar cewa lafiya ta dawo, ka sake ɗaukar bidiyo. Kuɗin jinginar yakan ɗauki kwanaki kafin ya dawo. Hotunan da takardun ka adana su na wasu watanni, domin takardar tara kamfanin take fara isa, shi ne mai motar a rajista, sannan ya miƙa sunanka ga hukuma ko ya biya ya cire a katinka, ya kuma ɗora nasa ladan aiki a kan kowace guda. Tarar fakin da ta layin bas da ta kuɗin cunkoso akan rage rabi ga wanda ya biya da wuri, galibi cikin kwana 14, don haka ka ba kamfanin adireshin imel ɗin da kake buɗewa kullum, ka ci gaba da duba shi bayan ka koma gida.